Taswirar Intanet da Kantunan Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda shigar da kanti cikin taswirar intanet yake sa a gan shi, ko kuwa ya ɓace, idan mai saye ya yi bincike da wayarsa. Mun ɗauki garin Haɗejiya da ƙauyukan fadamarsa don misali.

2.0 Yadda taswira take zaɓen kanti

A shekarar 2005 kamfanin Google ya fito da Google Maps. Idan baƙo ya nemi kantin magani, kafin jerin shafuka akan nuna masa 'yan kantuna bisa taswira, galibi guda uku. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa abu uku yake dubawa: dacewar kanti da abin da aka nema, da nisansa daga mai nema, da kuma shahararsa, watau irin yawan sharhi da yabon da masu saye suka rubuta a kansa. Rajista kyauta ce, a ƙarƙashin Google Business Profile, sunan da aka raɗa wa tsarin a 2021. Mai kanti zai sa suna da irin kayansa da lambar waya da lokutan buɗewa, sa'an nan a tabbatar cewa kantin nasa ne.

3.0 Inda gizo yake saƙar

Wannan tsari ya ɗauka cewa kowane kanti yana da suna ɗaya da adireshi ɗaya. A Haɗejiya kuwa, yawancin shaguna da sunan mai su aka san su, ba da allo ba, kwatancensu kuma shi ne "bayan tasha" ko "daura da masallacin Juma'a". Sunan garin ma kansa bai tsaya wuri ɗaya ba: wani ya rubuta Hadejia, wani Haɗeja, wani Haɗejiya. Lambar wuri da ake kira Plus Codes tana rage matsalar adireshi, amma wace tsohuwa ce za a yi wa kwatance da ita?

Batun nisa ya fi wannan nauyi. Kantin da taswira ta ce yana kusa, da damina mai yiwuwa ruwa ya raba shi da mai saye. A ambaliyar 2020 da ta 2022 hanyoyi sun yanke a yankunan Auyo da Kirikasamma da Guri. Taswira ba ta san mai shago ya kwashe kayansa zuwa tudu ba sai in an gaya mata, shi kuwa a ranar ba ta waya yake yi ba.

A ganinmu, ɗan gari bai damu da taswira ba, domin ya san inda zai sayi sabulu. Wanda take yi wa jagora shi ne ɗan kasuwar da ya taso daga Kano ko Kudu neman busasshen kifi ko shinkafa, kuma shi ne mai sayen sari. Idan ya duba, otal da gidan mai da banki zai fi gani, domin su ne masu allo da ma'aikacin da ya iya cika fom da Turanci. Dillalin kifin da ya shekara talatin a rumfarsa, wanda shahararsa a bakin mutane take ba a rubuce ba, sai ya zo a ƙarshen jeri, in ma ya fito ke nan.