Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: yadda masanan ordinatar ke shirya lacca

Ran 9 ga watan Disamba na 1968, masana kimanin 1,000 suka taru cikin wani babban zaure a birnin San Faransisko na ƙasar Amurka. Wani injiniya mai suna Douglas Engelbart ya zauna gabansu har minti 90, yana rubutu, yana gogewa, yana tsallakawa daga wannan shafi zuwa wancan da ɗan akwatin nan na hannu da ake kira kusu. Duk abin da ya taɓa, jama'a na ganinsa bisa wani farin allo mai tsayin kusan mita 7.

Wanda ya gani zai ce abin ba wuya. Amma na'ura mai ƙwaƙwalwar da yake sarrafawa, wato ordinatar, ba ta ma cikin zauren. Tana garin Menlo Park, tazarar kilomita 48. Abokin aikinsa Bill English da sauran ma'aikata sun yi watanni suna haɗa layukan waya da na iska, suna gwada majigin, suna maimaita laccar tun daga farko. Da layi guda ya tsinke, da aikin shekaru ya zama abin dariya.

Har yau wannan ita ce ƙa'ida ga mai rubuta umarnin ordinatar in zai yi bayani gaban ƴan uwansa masana. Kayan aikinsa iri biyu ne. Na farko shafukan majigi, waɗanda a da akan rubuta bisa leda mai haske, kafin PowerPoint ta fito a 1987. Su ne ke faɗin abin da ya ce ya yi. Na biyu gwaji a bainar jama'a, inda zai sa umarnin da ya rubuta ya yi aiki kowa na kallo. Shi ne shaida, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wajen shafuka, gogaggu sun yarda da abu uku. Kowane shafi ya ɗauki magana guda. Baƙaƙen su yi girman da na can ƙarshen zaure zai karanta ba tare da ya miƙe ba. In kuwa za a nuna rubutun umarni, a tsamo ƴan layukan da ake magana kansu, a bar saura, gama jama'a ba su iya karatu da saurare lokaci guda.

Gwaji kuwa shi ne mai kunyata gwani. A watan Afrilu na 1998, a taron COMDEX na birnin Shikago, ana nuna Windows 98 gaban Bill Gates, sai aka jona na'urar ɗaukar hoton takarda. Nan take allo ya koma shuɗi, aiki ya tsaya cik, zaure ya ɗauki dariya da tafi.

Shekara tara bayan haka, ran 9 ga Janairu na 2007, Steve Jobs ya nuna iPhone ta farko tun ba a gama gininta ba. Injiniyoyinsa sun san takan tsaya in an jera mata ayyuka ba bisa tsari ba. Saboda haka suka nemo jeri guda da ba ta gardama da shi, aka yi kwanaki ana maimaitawa, aka kuma ajiye wasu wayoyi kusa da shi domin canji. Laccar ta ƙare lami lafiya.

Darasin a fili yake ga ɗalibi ko ma'aikacin da za a ba minti 20 gaban masana. Ya gwada a zauren da zai yi magana, da majigin da za a ba shi. Kada ya dogara ga intanet ko wutar lantarki, ya sauke kayansa cikin na'urarsa, ya cika batir. Ya ɗauki hoton gwajin tun a gida, domin in na'ura ta ƙi, ya nuna shi ya ci gaba. Masu saurare kan yafe wa na'urar da ta tsaya, amma da wuya su sake ba da lokacinsu ga wanda ya zo bai shirya ba.