"Yana bayanka!": yadda 'yan wasan intanet ke magana da juna a Kafanchan

A shagunan cajin waya a Kafanchan, ba wuya a ga saurayi da abin sauraro a kunne, yatsunsa na rawa a kan waya, yana ta ihu: "Yana bayanka! Kwanta! Zo ka tashe ni!" Da abokan wasansa yake, ƙila ɗaya na Kagoro, ɗaya na Zonkwa, ɗaya kuma can Legas.

Wasannin da suka kawo wannan ɗabi'a ba su daɗe ba: Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty: Mobile a 2019. A PUBG ana sauke 'yan wasa 100 a fage guda, galibi huɗu-huɗu, kowace ƙungiya na neman ta zama ta ƙarshe da ta rage. Hannu biyu duk suna aiki, kafin mutum ya rubuta gargaɗi an riga an harbe abokinsa. Dole baki ya ɗauki aikin.

Wayar tana yayyanka muryar gutsi-gutsi, ta matse ta, ta tura wa uwar na'urar kamfanin wasan, wadda sau da yawa ba a Nijeriya take ba. Saƙon yakan gangara Legas, ya bi wayoyin ƙarƙashin teku, sannan ya dawo kunnen wanda ke zaune a Zonkwa. Murya ba ta cin data sosai. Jinkirin da 'yan wasa ke kira "ping" shi ne ciwon kai. Ranar 14 ga Maris 2024, da wasu daga cikin wayoyin tekun nan suka yanke, Afirka ta Yamma ta ji a jikinta.

Abin da ya fi daɗin ji shi ne harshen. Tun da layin dogo ya mai da Kafanchan mahaɗa a shekarun 1920, Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Hausawa da Fulani da Ibo suke cuɗanya, Hausa kuma ita ce ta kasuwa. Ita ce ke fitowa a bakin yaran in wuta ta yi wuta, gauraye da Turancin buroka. A garin da ya ga rikicin 1987 da na 2011, ba ƙaramin abu ba ne ɗan coci da ɗan masallaci su shafe rabin awa kowa na tsaron bayan ɗan'uwansa.

Sai dai makirufo a buɗe ƙofa ce ga kowa. Akwai zagi, akwai baƙon da zai nemi lambar yarinya da ya ji muryarta. A 2023 kamfanin Activision ya sa manhajar ToxMod sauraron masu cin zarafi a Call of Duty na kwamfuta da na akwatin wasa, amma da Turanci ta fara. Ashar da Hausa ko Jju, harshen Bajju, sai wanda aka yi wa ya kai ƙara da kansa. Ya kamata iyaye su san cewa a PUBG Mobile ana iya taƙaita murya ga 'yan ƙungiya kaɗai, ko a toshe bakin mutum guda ba tare da an bar wasan ba.