Tsohon Zarto Da Akwatin Yankan Kwana A Matameye

A watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta kuma maido ta ba sai Maris ɗin 2024. Jihar Zinder ta ji a jikinta, domin layin Katsina ne ke shayar da ita. A Matameye, hedikwatar gundumar Kantche, kafintan da ya dogara da injin lantarki sai ya jira janareta, mai zarton hannu kuwa ko a jikinsa.

Sai dai ba kowane zarto ne ke karɓar gyara ba. Mafi yawan na zamani an gasa haƙoransu har sun yi baƙi-baƙi, sun fi ƙarfin magagari. Da sun dakushe, shi ke nan. Na dā, irin na Disston da aka kafa a Amurka a 1840, ana wasa su shekara da shekaru. Kamfanin Peugeot ma zarto ya riƙa ƙerawa tun kafin ya san mota, zakin tambarinsa kuwa, wanda aka yi wa rajista a 1858, kaifin haƙoran zarto yake nufi.

Gyaran yana farawa da kwance ƙota. A zuba wa ruwan zarton kalanzir, a goge tsatsa da sanfefa mai laushi, ana bin tsawonsa. Masu gaggawa kan kai shi ga injin wasa wuƙa, kuma nan ne ake kashe shi: zafi yana sassauta taurin ƙarfen, ya bar shi a lanƙwashe. Ƙota kuma ba damina ce ke cinye ta ba, hunturu ne ke tsattsaga ta, don haka a kankare tsohon fenti, a liƙe tsagar da gam, a shafe ta da mai.

Aikin gwani yana wurin haƙora. Da farko a daidaita tsayinsu, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya da magagari mai kusurwa uku. Daga nan a karkata su kaɗan, wannan dama wancan hagu, don hanyar da suke buɗewa ta fi kaurin ƙarfen. In ba haka ba, zarto sai ya cije a cikin katako.

Akwatin yankan kwana, mai tsagar da ke riƙe zarto a kan digiri 45, shi ake rainawa. Tsagar tana faɗi da tsufa, zarto ya riƙa rawa a ciki. Firam ɗin madubi ko na taga yanka 8 yake buƙata. Kuskuren digiri 1 a kowane yanka ya zama digiri 8, kwanar ƙarshe ta ƙi haɗuwa. Kafinta kan cike tsohuwar tsagar da katako mai tauri, ya auna da sikwaya, ya tsaga sabuwa da zarton da zai riƙa aiki a cikinta.