Cutar Huntington: Gadon da Ke Cin Ƙwaƙwalwa

Abin da ya fi tayar mini da hankali game da cutar Huntington shi ne lokacin zuwanta. Yawanci sai mutum ya kai shekara 30 zuwa 50, ya yi aure, ya hayayyafa, sannan ta bayyana. Duk ɗan da mai cutar ya haifa kuwa, rabi da rabi ne: ko ya gada, ko ya tsira.

Likitan Amurka George Huntington ne ya bayyana ta a 1872. Sai a 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta, bayan dogon bincike a ƙauyukan masunta na bakin Tafkin Maracaibo a Benezuwela, inda ta yi katutu.

Sau da yawa hali ne ke fara sauyawa: saurin fushi, baƙin ciki, mantuwa. Sai yatsu su riƙa motsi da kansu, kafaɗa na zabura, tafiya ta koma tangaɗi har a zaci maye ne. Kai kofin shayi baki ya gagara. Daga baya haɗiya ma ta zama haɗari, loma ɗaya na iya shaƙe mai cutar, ga rama ko da yana ci. Haka ake ɗawainiya shekara 15 zuwa 20, mai jinya na kallon 'ya'ya cikin fargaba.

Har yanzu ba ta da maganin warkewa, amma akwai masu rage fizgar jiki da damuwa. In kun ga irin wannan na bin dangi, ku kai mutum wurin likitan ƙwaƙwalwa, kada ku tsangwame shi.