Ɗinki Ya Kama, Numfashi Ya Ƙi

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Ɗambatta zuwa Makoɗa da Kunchi, inda gona ke manne da gona, akwai wata irin mutuwa da ke barin dangi cikin ruɗu. Manomi ne kabarsa ta shaƙe, ko yaro ne taifod ta huda masa hanji, ko mace ce naƙuda ta gagara. An kwashi mara lafiya cikin dare zuwa babban asibiti, an shiga da shi ɗakin tiyata. Likita ya fito ya ce aiki ya yi kyau. Mutum ya farfaɗo, ya gane 'yan uwansa, har ya tambayi gida. Bayan kwana biyu ko uku sai numfashi ya soma yi masa wuya, haƙarƙari na ɗagawa, jiki ya ɗauki zafi. Kafin mako ya zagayo an yi masa sutura.

A wajen zaman makoki, bayan an yi addu'a, tambayar da ake yi ƙasa-ƙasa ita ce: to me ya faru, alhali an ce aiki ya yi kyau?

Wanda ake fara zargi shi ne mai riƙe da wuƙa. Gaskiya ne ɗinkin hanji na iya kwancewa, ƙazanta ta malala a ciki, kuma hakan na kisa, musamman a masu taifod. Amma a irin mutuwar da nake magana a kai, idan an ɗaga bandeji sai a ga wurin a bushe, ciki ya yi laushi, hanji ya soma motsi. Inda aka yanka lafiya lau. Matsalar tana sama, a ƙirji, inda wuƙa ba ta taɓa ba.

Sai a koma kan allurar barci, a ce ta yi masa yawa. Wannan ma bai tsaya ba, domin maganin barci na barin jiki cikin sa'o'i, kuma wanda ya yi hira da kai washegari ba shi ne allura ta danne ba. Sai dai akwai abin tsinta a nan. Duk wanda aka sa wa barcin tiyata yana kwance rigingine, ƙasan huhunsa kan lotse, ƙananan jakunkunan iska su rufe. Mai lafiyar huhu yakan buɗe su da kansa ta hanyar jan dogon numfashi da tari. Amma wanda aka tsaga wa ciki tsoron tari yake, saboda raɗaɗi, sai ya riƙa numfashi sama-sama. Mu riƙe wannan.

Zargi na uku kan faɗa a kan mai jinya, galibi uwa ko mata, wadda tausayi ya sa ta ɗura masa kunu a ɓoye. Likitoci sun daɗe da sanin haɗarin abin ciki ya kauce ya shiga huhu. Tun 1946 wani likita a New York, Curtis Mendelson, ya bayyana shi a mata masu haihuwa da aka sa wa barci. Mai tiyatar gaggawa ma yakan zo da tuwo a cikinsa. To amma wannan haɗari a lokacin barcin yake aukuwa, kuma alamarsa na fitowa cikin sa'o'i kaɗan. Bayin Allah mata da yawa na ɗauke da nauyin laifin da ba nasu ba, abin da ke ci mini rai ke nan.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa mutum biyu, tiyata iri ɗaya, dare ɗaya, ɗaya ya tafi gida da ƙafarsa, ɗaya ya kasa numfashi? Amsar takan fito daga bakin matar mamacin, cikin hira, ba tare da ta san nauyinta ba: “Ai dama tun makon jiya Malam yake fama da tari, murar hunturu ce.” Ciwon ciki ya danne zancen mura. Ba a faɗa wa likita ba, domin wa zai kawo zancen majina ga mutum yana murƙususu?

Shekarar 2020 ce ta fito da hujjar a fili. A watan Afrilu, lokacin da masu haƙa kabari a birnin Kano suka soma kokawa kan yawan gawawwaki, an yi ta ce-ce-ku-ce kan dalili, har daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwa 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama daga korona. A daidai wannan lokaci wasu likitocin tiyata ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Birmingham ta Ingila suna tattara bayanan waɗanda aka yi wa aiki, aka kuma same su da cutar dab da aikin ko bayansa. Rahotonsu ya fito a mujallar Lancet a watan Mayu: mutum 1,128 a asibitoci 235 na ƙasashe 24, kusan kashi uku cikin huɗu tiyatar gaggawa ce. Fiye da rabinsu, kashi 51 cikin ɗari, huhunsu ya samu matsala bayan aiki. Kusan kashi 24 cikin ɗari sun rasu cikin kwana 30, kuma huɗu cikin kowane biyar na mamatan nan ta huhu mutuwar ta biyo.

Korona ta fi murar yau da kullum zafi nesa ba kusa ba, amma hanyar ɓarnar iri ɗaya ce, kuma masu ba da barcin tiyata sun san ta tun kafin korona, musamman a yara. Hanyar iska tana da wasu ƙananan gashi masu turo majina da ƙura waje. Ƙwayar mura na kaɗe su, ta kumbura hanyar, ta bar ta da saurin tsukewa har tsawon makonni bayan mutum ya ji sauƙi. A kan wannan sai a zo da barcin da ke lotsa ƙasan huhu, da yankan da ke hana tari. Majina ta taru a inda iska ba ta shiga, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, namoniya ta kama. Kamar rumbun da gara ta riga ta ci ne, ruwan farko ya same shi: ba garar kaɗai ba ce, ba kuma ruwan kaɗai ba.

Binciken da ya biyo baya a 2021, kan mutum sama da 140,000 a ƙasashe 116 har da Najeriya, ya nuna cewa idan aka jinkirta aiki mako bakwai bayan korona, haɗarin mutuwa kan dawo daidai da na wanda bai kamu ba. Wannan shawara ce ga mai lokaci. Kabar da ta shaƙe ba ta jiran mako bakwai, ko kwana ɗaya ma ba ta jira, kuma duk wanda ya hana a kai mai irin wannan ciwo asibiti don yana mura ya cuce shi. Shi ya sa nake roƙon manoman da ke yawo da kaba shekara da shekaru, suna cewa sai bayan kaka, su je a gyara ta tun tana shiga tana fita, a ranar da suka zaɓa, ƙirjinsu garau.

Idan kuwa gaggawar ta riga ta zo, a faɗa wa likita zancen tarin tun a ƙofa, ko bai tambaya ba. Da wannan kalma yana iya zaɓar allurar baya maimakon barci gaba ɗaya idan aikin ya ba da dama, kamar tiyatar haihuwa, ya tanadi oksijin, ya sa a kwantar da mara lafiya kusa da teburin nas. Wani babban bincike a ƙasashen Afirka 25 da aka buga a 2018 ya gano cewa kashi 94 cikin ɗari na waɗanda suka mutu bayan tiyata, bayan ranar aikin suka mutu, wato a ɗakin kwanciya. A can aikin mai jinya yake. Ta jingina shi zaune, ta danna masa matashi a ciki ya yi tari, ta taimaka masa ya taka da zarar an ba da izini. Idan ta ga numfashi ya ƙara sauri, ko ya soma surutai, ko laɓɓansa sun canza launi, ta kira nas nan take a maƙala masa ƙaramar na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin, kada ta bari sai likita ya zo zagayen safe.