Allurar Garmaho: Kada Araha Ta Cinye Mana Gado

A gidaje da yawa a Nima da Maamobi akwai tsohon akwati a ƙarƙashin gado cike da faya-fayen da iyayenmu suka bari. A namu akwatin akwai na Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, da na E.T. Mensah waɗanda kamfanin Decca ya buga a shekarun 1950. Kwanaki na kai garmahon mahaifina wurin wani mai gyara, ya sa mini allura mai araha. Kafin wata guda, muryar Shata ta koma kamar ana soya ƙosai. Wannan hasara ce ta sa na ga ya kamata in ja hankalinku.

Da farko a dubi faifan kafin a dubi allura. Faifai mai juyi 78 a minti, wato mai nauyin nan da ke fashewa kamar tangaran, layinsa yana da faɗi, allurarsa kuwa ta ninka ta faifan roba kauri wajen sau huɗu. Na roba mai juyi 33 ya fito a 1948, mai 45 kuma a 1949, layinsu siriri ne. In aka sa siririyar allura a kan mai 78, sai ta nutse ƙasan layi, a yi ta jin shuu. In aka sa mai kauri a kan na roba, sai ta yi ta tsalle tana cin layin.

Na biyu, a san irin kan da ke riƙe allurar. Tsofaffin rediyogiram galibi kan siramik gare su, yana da araha amma yana danne faifai da nauyi. Akwai mai maganaɗisu da ake rubuta wa MM, wanda shi ne ya fi dacewa da mu, domin in allura ta cinye sai a zare ta a sa sabuwa. Sai dai yana bukatar amfilifaya mai ramin da aka rubuta PHONO. Akwai kuma MC, mai tsada, wanda ba a canza allurarsa a gida.

Kamfanin Shure na Amurka ya daina yin kawunan allura a 2018, saboda haka a yi hattara da wanda aka ce sabo ne. Audio-Technica na Japan yana da jerin VM95: kai ɗaya ne, amma yana karɓar allura mai zagayayyen baki wadda ba ta cika tono ƙarar tsohon faifai ba, da mai siffar ƙwai wadda ta fi fito da murya tas, da kuma ta musamman don mai 78. Ortofon na Denmark yana da 2M Red, sautinsa garau, amma kuɗinsa ya fi.

Na uku, nauyi. VM95 giram 2 yake so a kan faifan roba, 2M Red kuwa giram 1.8. Al'adar nan ta ɗora kwabo a kan hannun garmaho don hana tsalle, ita ce ke kashe faifai. A kuma riƙa share ƙurar hunturu, a sauya allura bayan awa 300 zuwa 500 na aiki.

In za ka Zongo Lane neman kaya, ɗauki tsohon kan ka tafi da shi, domin wani da kusoshi biyu ake ɗaure shi, wani kuma cusa shi ake yi. Ka gwada sabon a kan faifan da ba ka jin ciwon rasa shi.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Allura in ta lalace ana samun wata a kasuwa, amma Shata ya rasu tun 1999, faifan da Baba ya bari kuwa guda ɗaya ne. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanarsu, amin.