Wutar mota a ido: abin da matafiyin dare zai yi

Wanda ya taɓa bin kwalta daga Birnin Ƙonni zuwa Galmi bayan sallar isha'i ya san wannan matsala. Hanyar ita ce babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta wuce Maraɗi. Motocin albasa na binta, motocin siminti na fitowa daga Malbaza, ga kuma masu karyawa a Tsarnawa su nufi Badagishiri da Tawa. Direbobin manyan motoci da yawa sun fi son tafiyar dare saboda sanyi. Sai ga ɗan kabu-kabu ko mai keke ya yi kiciɓis da su, wutarsu ta cika masa ido, hanya ta ɓace masa.

Me ke faruwa cikin ido a wannan lokaci? A tsakiyar baƙin ido akwai wata ƴar ƙofa da haske ke shiga. Cikin duhu takan buɗe sosai, domin ta tara ɗan hasken da ke akwai. In wuta mai ƙarfi ta bugo ta, sai ta tsuke nan take, kuma bayan ido, inda gani yake, ya ɗauke na ɗan lokaci. Motar ta wuce, amma ido bai dawo daidai ba sai bayan wasu daƙiƙoƙi. Ga dattijo abin ya fi daɗewa.

Kada a raina waɗannan daƙiƙoƙi. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. In ido ya ɗauke daƙiƙa 3, mutum ya yi tafiyar mita 50 bai ga komai ba. Cikin mita 50 ɗin nan ana iya samun rami, ko jaki, ko amalanke da ta taso daga kasuwa ba fitila, ko yaro mai kora awaki gida.

Ga dabarar da ta fi kowace: kada ka kalli wutar. Ido yana son bin haske, sai ka hana shi. A Nijar dama muke bi. To, da ka hango wuta tafe, mayar da dubanka ƙasa kaɗan, wajen bakin kwalta na hannun damanka, inda kwalta ta haɗu da ƙasa. Wannan bakin shi ne jagoranka. Da gefen ido za ka riƙa lura da motar har ta wuce. Kuma tun kafin ku haɗu ka sassauta gudu. In hasken ya fi ƙarfinka, ka sauka gefe a hankali, ka tsaya, ka bar fitilarka kunne. Kada ka taka birki da ƙarfi a tsakiyar hanya, domin mai yiwuwa na bayanka shi ma ba ya gani.

Fitilar mota da ta babur wuta biyu gare su. Babbar wuta tana haska nesa, ƙaramar wuta tana duban ƙasa. Doka ta ce a koma ƙarama in za a haɗu da wani, haka kuma in ana bin bayan wani. In na gabanka ya manta, ƙyafta masa sau ɗaya ka tuna masa. Amma akwai wata mummunar al'ada: wai tunda ya ƙi ragewa, ni ma sai in sakar masa tawa. Wannan ba ramuwa ba ce. Makafi biyu ke nan suka nufo juna a guje, kuma in ɗayan tirela ce, an san wanda zai kwana asibiti.

A kula da wani abu kuma. In ka ga wuta ɗaya tafe, kada ka ɗauka babur ne. Sau da yawa mota ce da fitilarta ɗaya ta mutu. Ba ta wuri kamar yadda za ka ba mota.

Ƙura ma tana ƙara wahala. Gilashi mai datti ko mai karce yana watsa haske, sai wuta ɗaya ta zama kamar goma. Lokacin hazo a goge gilashin mota ciki da waje da ruwa da tsumma mai laushi kafin a tashi. Goge busasshiyar ƙura shi ke karce gilashi. Mai babur ya duba gilashin hular kwanonsa. In ya dushe, a sake shi. Baƙin tabarau na rana ne. Da dare yana rage zafin wuta, amma yana ɓoye mai tafiya a ƙasa. Masu sa wa babura farar fitilar zamani mai tsananin haske su karkata ta ta dubi ƙasa. Masu amalanke kuwa su manna jan abu mai ƙyalli a baya, ko su rataya tocila.

Wani lokaci laifin ba na fitila ba ne, na ido ne. In kana ganin zobe kewaye da kowace wuta, ko dare ya fara yi maka wuya fiye da bara, wataƙila yanar ido ce ta soma. Ta fi kama waɗanda suka manyanta da masu ciwon sukari. Ana cire ta da ƙaramin aiki a asibiti, gani ya dawo. Kada a kai ido wurin masu tsira masa allura a kasuwa. Akwai kuma dundumi, wato rashin gani da almuru, wanda ƙarancin bitamin A ke kawowa. Ganyen zogale, karas, kabewa, mangwaro, ƙwai da hanta duk suna da abin da ido ke bukata. Wanda ya ga ɗaya daga cikin alamun nan ya bar tuƙin dare tukuna, ya je likita mafi kusa a auna idonsa, su tura shi wurin likitan ido in akwai bukata.